Kamfanonin Gadi A Abuja: Lasisi Yana Ofis, Mai Gadi Yana Bakin Ƙofa

Daga Wakilinmu a Abuja

Ranar Lahadi, 23 ga watan Nuwamba na shekarar 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da umurni a janye 'yan sandan da ke rakiyar manyan mutane, a mayar da su bakin aikin da aka ɗauke su dominsa. Umurnin ya zo ne kwana biyu bayan sace ɗalibai a Papiri cikin Jihar Neja, kuma ƙasa da mako guda bayan an kwashe 'yan mata daga makarantar Maga a Jihar Kebbi. Sanarwar da ta fito daga fadar Shugaban Ƙasa ta ƙara da cewa duk babban mutumin da ke bukatar mai bindiga a bayansa, to, ya nufi Hukumar Sibil Difens ya nema a can.

A makonnin da suka biyo baya, abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne wane sanata aka bari shi kaɗai, wane attajiri kuma ya ƙi sakin nasa. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi dalilin da ya sa ba a ce wa waɗannan manya su je su yi haya daga kamfanonin gadi ba, alhali kuwa ga su nan birjik a Abuja, da ofisoshinsu da motocinsu da ma'aikatansu masu kaki iri-iri. Dalilin yana cikin wata doka da aka kafa tun ana tsakiyar ginin Abuja, shekara biyar kafin gwamnati ta taso daga Ikko. Ita ce har yanzu take mulkin sana'ar gadi a Nijeriya, kuma duk wanda ya karanta ta a tsanake zai gane abubuwa da dama game da mutumin nan da ke buɗe masa ƙofa kowace safiya.

DAGA BUZU ZUWA KAMFANI

Tsaron dukiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin sarakuna suna da dogaransu, ayarin fatake kuma ba ya kwana a zango sai an sa masu farkawa. Amma kalmar gadi kanta aro ce daga Turanci, ta shigo ne tare da kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt, waɗanda suka bukaci mai kwana a bakin sito. Bayan babban farin nan na 1973 zuwa 1974, wanda ya ƙarar da raƙuma da shanun mutanen Azbin, Buzaye da yawa suka gangaro Kano da Kaduna da Ikko suka kama wannan aiki, har ya zama in aka ce mai gadi, abin da ke zuwa a zuciyar mutum shi ne rawani da takobi da 'yar butar shayi a kan gawayi. Irin wannan mai gadi ba shi da takarda ko ɗaya. Shaidarsa ita ce mutumin da ya kawo shi ya tsaya masa, kuma in ya ci amana, an san ƙofar da za a buga.

Kamfani kuwa ya samu gindin zama ne bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai suka shigo, makamai suka bazu, fashi ya yi ƙamari har gwamnati ta fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin teku a Ikko cikin 1971. Bankuna da masana'antu suka ga dattijo da gora ba zai ishe su ba, suna son wanda za su ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, wanda in kaya suka ɓace za su iya kai shi kotu. Tsofaffin hafsoshin soja da na 'yan sanda suka ga kasuwa ta buɗe, suka shiga.

Babu garin da wannan kasuwa ta dace da shi kamar Abuja. Gari ne na baƙi, wanda aka zana a takarda bayan dokar Janar Murtala Muhammed ta 3 ga Fabrairu, 1976, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. A Maitama ko Asokoro babu mai unguwar da ya san kakan kowa, mutum yakan shekara goma bai san sunan maƙwabcinsa ba, saboda haka abin da dangi da unguwa suke yi a Fagge ko Tudun Wada, a nan sai an biya kuɗi. Daga baya kuma bama-bamai suka canza aikin baki ɗaya. An kai hari hedkwatar 'yan sanda ranar 16 ga Yuni, 2011. Ranar 26 ga Agusta na wannan shekarar wata mota ta ɓalle ƙofofin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ta tashi, mutum fiye da 20 suka rasu. A 2014 aka yi na tashar Nyanya da na kantunan Emab a Wuse. Tun daga lokacin mai gadi ya zama shi ne mai leƙa ƙarƙashin mota da madubi, shi ne mai buɗe jakar baƙo a bakin otal da coci da masallaci. Wato an ɗora masa aikin tare ɗan ƙunar baƙin wake, da sanda a hannunsa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2018 ma'aikatan kamfanonin gadi masu rajista sun haura 800,000, a kamfanoni sama da 1,000. 'Yan sandan ƙasar nan gaba ɗaya kuwa, adadin da aka daɗe ana ambatawa bai wuce kimanin 370,000 ba. Ke nan a kan kowane ɗan sanda guda akwai mai gadin kamfani fiye da biyu, ba a ma lissafa da waɗanda ba su ƙarƙashin kowane kamfani ba.

ABIN DA DOKAR TA ƘUNSA

Dokar da ake magana a kai ita ce dokar soja ta shekarar 1986, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa, daga baya aka shigar da ita cikin kundin dokokin Tarayya da sunan Dokar Kamfanonin Gadi Masu Zaman Kansu. Ta ce babu wata ƙungiya da za ta yi sana'ar gadi, ko sintiri, ko rakiyar kuɗi, sai ta cika sharuɗɗa uku: ta yi rajista a matsayin kamfani a Nijeriya, ta samu lasisi daga Ministan Harkokin Cikin Gida, kuma ya kasance 'yan Nijeriya ne kaɗai suka mallake ta.

Daga nan sai jerin hani. Ma'aikacin kamfani ba zai ɗauki bindiga ko harsashi a bakin aiki ba. Kakin da zai sa sai Minista ya amince da shi, kuma ba zai yi kama da na soja ko 'yan sanda ko gandiroba ko kwastan ba. Kamfani ba zai yi aikin karɓar bashi ba, ba zai nuna kansa a matsayin ɗan sanda ba, ba kuma zai kira kansa mai binciken asiri mai zaman kansa ba. Ba za a ba da lasisi ba idan wani darekta ya taɓa shiga kurkuku saboda sata ko zamba ko cin amana, ko an taɓa korarsa daga soja ko ɗan sanda saboda laifi, ko kuwa Minista yana ganin ba da lasisin ya saɓa wa tsaron ƙasa. Har ila yau dokar ta ce tsarin horon da kamfani zai ba ma'aikatansa sai an amince da shi, kuma kowane ma'aikaci sai an nema masa izni an ba shi katin shaida.

Wanda ya dubi wannan jeri zai lura cewa mafi yawansa tsoro guda ne ya haife shi, wato kada wani ya tara runduna a ƙarƙashin sunan kamfani. In aka tuna da yadda shekarar 1986 ta kasance, abin ba zai ba da mamaki ba. A watan Maris na shekarar aka harbe Manjo-Janar Mamman Vatsa, wanda shi ne Ministan Abuja, tare da wasu hafsoshi bisa zargin shirya juyin mulki. A watan Yuni aka rushe tsohuwar hukumar leƙen asiri aka raba ta gida uku. A watan Oktoba aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa, a daidai lokacin da ɗan fashin nan Lawrence Anini yake cin karensa babu babbaka a Binin, da taimakon wani babban jami'in 'yan sanda, har aka kama shi a farkon Disamba. Rikicin Maitatsine, daga Kano a 1980 zuwa Gombe a 1985, bai daɗe da lafawa ba. Gwamnatin da ta hau ta hanyar bindiga a irin wannan yanayi, ba za a sa ran ta yarda da wani mai kaki da bindiga wanda ba nata ba.

A ganina, nan ne asalin matsalar take. An rubuta dokar ne don a tsare gwamnati daga kamfanonin gadi, kuma ta wannan fuska ta yi aikinta. Amma mutum biyun da sana'ar ta fi shafa, wato mai gidan da ke biyan kuɗi da mai gadin da ke kwana a waje, ba su samu wani babban rabo a cikinta ba. Hatta tarar da ta yanka wa masu laifi, da Nairar wancan zamani aka auna ta. A 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500.

HANYAR SAMUN LASISI

Da farko Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take kula da kamfanonin da kanta. Daga baya aka danƙa aikin a hannun Hukumar Sibil Difens, wadda ake taƙaita sunanta da NSCDC. Ita wannan hukuma ta faro ne a 1967 a matsayin kwamitin 'yan sa-kai a Ikko, masu koya wa jama'a yadda za su ɓuya in jirgin yaƙi ya zo, kuma ba ta zama cikakkiyar hukumar gwamnati ba sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a kan dokarta a watan Yuni na 2003. Wannan doka, da gyaran da aka yi mata a 2007, su ne suka ba ta ikon duba ofisoshin kamfanonin gadi da wuraren horonsu, da ajiye rajistarsu, da ba Minista shawara kan wanda ya cancanci lasisi, da kuma garƙame duk kamfanin da ke aiki ba tare da shi ba. A 2018 Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Laftanar-Janar Abdulrahman Dambazau mai ritaya, ya fitar da ƙa'idojin da suka faɗaɗa yadda za a bi dokar.

Mai son kafa kamfanin gadi yakan fara ne daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, inda ake bukatar jarin hannun jari na Naira miliyan 10. Sai ya rubuta takardar nema zuwa ga Babban Kwamandan Sibil Difens a hedkwatarsu da ke Sauka, kan hanyar filin jirgin sama, ya haɗa da takardun biyan haraji, da tarihin daraktoci, da hoton kakin da yake son ɗinkawa, da tsarin horo. In zai yi aiki da karnuka, har da shaidar likitan dabbobi. Ana so a samu tsohon jami'in tsaro a cikin daraktocin. 'Yan sandan ciki su binciki kowane darekta, jami'an Sibil Difens su je su ga ofis da idonsu, sa'an nan fayil ya hau teburin Minista. In an gama, akan tara sababbin kamfanoni a Sauka a miƙa musu lasisi a gaban 'yan jarida, Babban Kwamanda ya ja musu kunne kan bindiga da kaki, ya kuma nemi su riƙa kawo rahoton duk abin da suka gani. Kamfanonin da suka samu lasisi suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka fi sani da ALPSPN.

Babu laifi a wannan tsari, kuma ya fi babu. Sai dai mai karatu zai lura cewa kusan dukkan binciken a kan darekta yake ƙarewa. Shi ake ɗaukar hoton yatsunsa, shi ake tonon tarihinsa. Saurayin da za a ba mabuɗin gidanka kuwa, wanda zai san lokacin fitarka da lokacin dawowar 'ya'yanka daga makaranta, sau da yawa abin da ake nema a wurinsa bai wuce takardar mai tsaya masa da hoto biyu ba. Iznin kowane ma'aikaci da dokar ta ambata yana nan a rubuce, amma ma'aikatan da ke shiga suna fita kowane wata, dubbai a kowane gari, ba abu ne da teburin Minista zai iya bi ɗaya bayan ɗaya ba. Sakamakon haka, wanda aka kora daga wani kamfani a Garki saboda sata yana iya ɗinka sabon kaki a Utako kafin mako ya zagayo.

Ga kuma nauyin da ke kan hukumar kanta. Ita ce mai tsaron bututun mai da turakun lantarki, ita ce mai rundunar kare manoma, a hedkwatarta aka buɗe cibiyar tsaron makarantu a 2023, a 2024 aka ƙara mata rundunar yaƙi da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ga kuma rakiyar manya da aka jibga mata a 2025. Sashen kamfanonin gadi ɗaki guda ne a cikin wannan babban gida.

HAYAR BINDIGA

Hana kamfanoni bindiga bai hana bukatar bindiga ba. Banki da zai kai kuɗi reshe, ko kamfanin gini da zai kai injiniya daji, dole ya nemi mai makami, kuma wuri ɗaya ne doka ta bari a same shi, wato wurin gwamnati. Saboda haka aka wayi gari motar kamfanin gadi tana gaba, 'yan sandan kwantar da tarzoma suna cikinta, ana biyan alawus a gefe. A 2018 Shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda na lokacin, Mista Mike Okiro, wanda shi kansa tsohon Sufeto-Janar ne, ya ce 'yan sanda fiye da 150,000 suna maƙale da manyan mutane da wasu da ba su ma cancanta ba. Kusan kowane sabon Sufeto-Janar sai ya ba da umurnin janye su, kuma kafin a jima sai a gan su sun koma riƙe jaka da lema. Talakan Bwari ko Kuje, wanda harajinsa ne ya horar da ɗan sandan, shi ne ke kwana babu kowa. Mutanen Bwari sun ga haka ƙuru-ƙuru a watan Janairu na 2024, sa'ad da masu garkuwa suka riƙa shiga gidaje da rukunin gidaje suna kwasar iyalai.

Akwai ma wata tsohuwar ƙofa a cikin dokar 'yan sanda, wadda ta yarda kamfani ya nemi a horar masa da wasu mutane na musamman, su sa kaki irin na 'yan sanda, amma shi zai biya su. Kamfanonin mai sun daɗe suna amfani da ita. Rikicin da ta haifar ya kai har Kotun Ƙoli, wadda a watan Afrilu na 2018 ta yanke hukunci cewa irin waɗannan masu gadi fiye da 800 da ke aiki da kamfanin Mobil ma'aikatan kamfanin ne, ba na rundunar 'yan sanda ba, bayan an shafe shekaru ana shari'a.

To, yanzu da aka ce manya su koma Sibil Difens, an samu wani sabon lauje cikin naɗi. Hukumar da ke ba da shawarar a ba kamfani lasisi, ko a ƙwace, ita ce kuma za ta riƙa samar da masu rakiya ga mutanen da kamfanonin ke nema a matsayin abokan ciniki, kuma ita tana da bindiga tun gyaran 2007, su ba su da ita. Alƙalin wasa ya sa riga ya shiga fili. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a ga cewa wannan tsari bai yi daidai ba. A can Kudu kuwa, kamfanin mai na ƙasa ya ba kamfanin Tantita, mai alaƙa da tsohon jagoran tsagerun Neja-Delta Government Ekpemupolo, wato Tompolo, kwangilar tsaron bututu a 2022, wadda jaridu suka ce ta kai Naira biliyan 48 a shekara. Ashe dai gwamnati ta san amfanin tsaro mai zaman kansa in bukatarta ce ta taso.

ALBASHIN MAI KWANA A WAJE

Mu koma bakin ƙofa. Mai gadin kamfani a Abuja galibi awa 12 yake yi a tsaye, kuma ba a Maitama yake kwana ba in ya tashi. Daga Mararaba ko Nyanya ko Mpape ko Kubwa yake fitowa, wani ma daga Suleja, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban abokin rabon albashinsa. Doka ta sa mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 a 2019, ta mayar da shi Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma ta keɓe duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu gadi da yawa ba sa ganin wannan adadi ko da kamfaninsu ya wuce haka.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Mai rukunin gidaje ko ma'aikata takan kira kamfanoni su kawo farashi, kuma wanda ya fi araha shi ke samu. Daga abin da aka biya a kan kowane mai gadi, kamfani zai cire kuɗin kaki da takalmi, da albashin mai zagayen dubawa, da hayar ofis, da haraji, da kuɗin sabunta lasisi, da ribarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yarda a rage shi, sai albashin mai gadi. In kuma mai kwangila ya yi jinkirin biya, kamar yadda ofisoshin gwamnati suka saba, to, shi ne zai yi wata biyu ko uku yana cin bashi a wurin mai shayi. Wannan ne ya sa gaisuwar bakin ƙofa ta yi tsawo, ta kuma ƙare da kallon hannun mai mota. Kada a yi saurin ganin laifinsa. Amma kuma kada a manta cewa mutumin da ke tsaron dukiyar miliyoyi da yunwa a cikinsa, in mugu ya zo neman labarin gidan, ba sai ya kashe kuɗi da yawa ba.

Shugabannin Sibil Difens, ciki har da Dokta Ahmed Abubakar Audi wanda aka naɗa Babban Kwamanda a 2021, sun sha gargaɗin kamfanoni a kan kyautata wa ma'aikatansu. Gargaɗi dai gargaɗi ne. Muddin mai biya yana neman araha, kamfanin da ya riƙe gaskiya shi ne zai rasa kwangila.

Duk wannan ma magana ce a kan waɗanda ke cikin kamfani. Akwai ɗimbin jama'a da dokar 1986 ba ta san da zamansu ba, domin ita da kamfani take magana. Dattijon da ya zo daga Katsina ko Maraɗi yana kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa, yana wankin mota yana ban ruwan fulawa yana sayar da 'yan kayan tireda ta taga. Mafaraucin da 'yan unguwa suka yi karo-karo suka ɗauka a Lugbe. 'Yan sintirin da ke busa usur da tsakar dare a Karu. Babu ɗayansu da ke cikin rajistar Sauka. In aka zalunce su babu inda za su kai ƙara, in su suka yi ɓarna babu inda za a nemo su. Abin ban mamaki kuma shi ne, a cikin irin waɗannan ne ake samun bindigar toka da ta harbi-ka-ruga, alhali kamfanin da aka binciki daraktocinsa sanda kaɗai aka yarje masa.

YADDA WASU SUKA YI

A Ingila, dokar 2001 ta kafa hukuma ta musamman wadda ke ba mutum lasisi shi kansa, bayan ya yi horo an kuma binciki tarihinsa, kuma lasisin yana bin sa duk inda ya koma aiki. Afirka ta Kudu ma ta kafa tata hukumar da dokar 2001, mai suna PSIRA, wadda ba ta da wani aiki sai wannan. Tana rajistar kamfani, tana rajistar kowane mai gadi, tana kuma raba su daraja-daraja gwargwadon horonsu, albashi yana bin daraja. A can an yarda wasu su riƙe bindiga bisa sharuɗɗa. Kenya ta bi sahu da dokarta ta 2016. Abin da ya haɗa su shi ne sunan mai gadi yana cikin littafin hukuma, hukumar kuma ba ta hayar masu gadi.

Masu kamfanoni a nan gida sun fi ɗaga murya a kan batun bindiga, suna cewa a ba manyan cikinsu izni domin 'yan sanda su huta. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ni dai ina ganin an fara daga wutsiya. Ƙasar da ba ta da cikakken jerin sunayen masu gadinta, ba ta kuma tabbatar an biya su a ƙarshen wata ba, in ta raba musu bindigogi, to, ba ta san hannun da ta saka su ba. Ga lokacin zaɓe kuma, wanda kowa ya san yadda 'yan siyasa suke neman matasa masu kaki. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda 'yan sintiri suka tare mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano aka kashe su, ya isa ya nuna abin da ke biyo baya idan aka bar aikin tsaro a hannun mutanen da babu mai tambayarsu. A fara da rajistar kowane mai gadi da lambarsa ta ɗan ƙasa, a sa mafi ƙarancin abin da za a biya a kan kowane mutum cikin kowace kwangila, gwamnati ta fara bin wannan a nata ofisoshin, a kuma raba mai ba da lasisi da mai hayar jami'ai. Bayan nan sai a zauna a yi maganar makami.

An sha kai ƙudurori gaban Majalisar Tarayya don a soke dokar 1986 a kawo sabuwa, ba a kai ga nasara ba. Olubunmi Tunji-Ojo, wanda aka naɗa Ministan Harkokin Cikin Gida a watan Agusta na 2023, shi ma ya bayyana a 2025 cewa dokar ta tsufa kuma za a sake duba ta. Majalisa ta goma da aka rantsar ranar 13 ga Yuni, 2023, wa'adinta zai cika a watan Yuni na 2027, kuma duk ƙudurin da bai kammala zagayensa ba kafin wannan lokaci, sai an sake gabatar da shi daga farko a gaban sababbin wakilai.